Ku Juya Ganyen Lamtoro

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya bijiman nan biyu da ke turke?

Ni lafiya lau nake a tsibirin Jawa, tarin ma ya yi sauƙi, kada Inna ta damu. An rage ma'aikata a gonar gwajin, amma abin bai zo kaina ba tukuna.

Baba, aikinmu shi ne shuka itacen lamtoro iri-iri, mu yanko wa shanu ganyen, mu ga wanda ya fi sa ƙiba. Dogon nan irin namu na gida Amarasi shi ke gaba kullum. To, iska ta kwaso wani ƙwaro ya sauka, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya tsotse dogon tas, ya bar sanduna tsaye. Gajeren mai ɗaci kuwa, wanda shanu ke shinshinawa su kau da kai, ƙwaron ko kallonsa bai yi ba.

Shugabanmu Warsito ya ce, "Kai Melkiyanus, wanne tsohonka ya shuka?"

Na nuna masa sandunan.

"Shi kaɗai?"

Na ce, "Duk ƙauyenmu shi kaɗai."

Mutumin da ba ya rabo da tsokana, sai ya cire hula ya wuce.

Ga irin mai ɗacin nan cikin ƙyalle. Na san za ku ce abin da saniya ta ƙi ba abinci ba ne. Ku dai shuka, don Allah.

Allah ya ƙara girma. Kafin ku ba ni amsa, ku juya ganye ɗaya ku duba bayansa, nan ƙwaron ke ɓuya. Iskar nan wajenku ta nufa.

Ɗanku,
Melkiyanus