Yaya Auwalu, Ashe Ba Ka Yi Sebin Ba

Zuwa ga Yayana Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan gida Ƙofar Ran lafiya lau. Mama na nan da ciwon ƙafarta yadda ka bar ta. Matarka Anti Ruƙayya ta koma koyarwa, Sadiƙ da Ummi kuma sai tsawo suke yi ba su tambayi kowa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar Litinin a cibiyarka ta Gwallaga, inda yara ke rubuta jarrabawa a kwamfuta. Ban san wa zan gaya wa ya fahimta ba in ba kai ba, kai kuma ka tafi ka bar min cibiyar ni da Kawu Sale, wanda har gobe suwic a wurinsa sunansa "akwatin nan mai ƙyafta ido".

Ka tuna ranar da ka fara zaunar da ni gaban baƙin allo, ka soka shuɗin kebul a jikin babban suwic, na'urar da duk wayoyin kwamfutocin cibiyar ke haɗuwa a cikinta? Ka ce min ba shi da hoto, ba shi da maɓallin dannawa, magana kawai yake ji, ita ma sai an rubuta masa. Ka ce ƙwaƙwalwa biyu gare shi, akwai abin da yake aiki da shi yanzu, akwai kuma abin da zai farka da shi in an kashe shi an kunna. "Bilki, duk abin da kika gaya masa, in ba ki rubuta write memory ba, wuta na ɗaukewa ya manta da ke da danginki." Ka manta kai ne babba a dangin.

Ban san sau nawa ka fasa min kunne da "Kin yi sebin?" ba, wato ko na rubuta kalmomin nan biyu na adana aikin. A kan tabarma muna cin tuwo ka tambaye ni. A cikin keke muna hanyar gida ka tambaye ni. Ranar ɗaurin auren ƙawata Fa'iza ma sai da ka leƙo cikin mata ka tambaye ni, har ƙawayena suka sa min suna Bilki Sebin.

To, ga abin da ya faru. Ranar Litinin ce jami'an hukumar jarrabawa za su zo duba sabon zauren da ka gina a bayan tsohon. Ka san ƙa'idarsu, in suka zo suka tarar kwamfutoci ba sa magana da babbar kwamfutar da tambayoyi ke fitowa daga cikinta, ba su da lokacin jin uzuri, su cire sunan cibiya sai wata shekarar. Ka kuma fi kowa sanin cewa da cibiyar nan 'ya'yanka ke ci, da ita suke zuwa makaranta.

Ni hankalina kwance na tafi. Tun rasuwarka sabon zauren nan ke aiki, muna koyar da yara a ciki, ko sau ɗaya bai yi tari ba. Babban suwic kuwa ban taɓa canza masa ko harafi ba, leƙawa kawai nake yi in ga lafiyarsa in fito.

Ashe Kawu Sale ya yi nasa shirin. Wai don kada a ji kunya gaban baƙi, ya sayo sababbin batura, ya kira Yohanna mai aikin wayar wuta da sassafe ya canza su. Yohanna ya yi aikinsa tsaf, ba ni da ta cewa a kansa. Ya kashe inbata, ya cire tsofaffi, ya ɗaura sababbi, ya kunna. Solar nan da kake taƙama da ita, wadda ba ta taɓa barin suwic ɗinka ya ɗanɗana duhu ba tun kana raye, ranar ta huta na ɗan lokacin da mutum zai sha shayi.

Ina shiga na tarar da Kawu yana washe baki. Tsohon zaure lafiya lau. Na leƙa sabo. Kwamfutoci duk a kunne, amma ko ɗaya ba ta ganin babbar kwamfuta, layi bayan layi har bango.

Na ruga ɗakin na'urori na soka kebul, na rubuta show interfaces status. Ƙofofin suwic ɗin da wayoyin sabon zaure ke shiga duk a rufe, kamar yadda kake rufe kowace ƙofar da ba a amfani da ita. Na ce a raina wa ya taɓa? Har na fara zargin Yohanna, Allah Ya yafe min. Sai na buɗe abin da suwic ɗin ya farka da shi, show startup-config, na duba layin sama inda yake faɗin ranar da aka yi masa sebin na ƙarshe. Tun kafin a sa wa sabon zaure rufi ne.

Yaya, mutuwar zaune na yi. Na karanta, na goge ido, na sake karantawa. Kai? Kai da ka hana mu sakat? Wallahi da wani ne ya zo ya ce min Auwalu ya tashi daga gaban suwic bai yi sebin ba, da sai mun yi rigimar da za a raba mu.

Ina zaune a ƙasa, bayana jingine da bango, sai abin ya dawo min. Ai kana da ɗabi'arka. In ka yi babban canji ba ka adanawa nan take, sai ka bar shi ya yi aiki, ka je masallaci ka dawo, in ka tarar komai lafiya sannan ka rubuta kalmomin nan biyu. Kana cewa in abu zai ɓaci gara ya ɓaci tun ana iya kashewa a kunna a koma gidan jiya. Ranar da ka haɗa sabon zaure da babban suwic, bayan azahar ka gama. Ka kira ni na ga fitilu sun yi kore, ka ce saura kaɗan, bari ka yi la'asar. A sahu ka faɗi, daga masallaci aka wuce da kai asibiti, ba ka kwana ba.

Ni ce na rufe kwamfutarka washegari, ina kuka ban ko kalli allon ba. Watanni ke nan aikinka na ƙarshe yana rataye, babu abin da ke riƙe da shi sai wutar batir. Muna ta shiga muna fita, muna cewa Allah Ya jiƙan Auwalu, ya bar aiki mai ƙwari.

Kawu ya leƙo ya ce, "Bilkisu, lafiya? Jami'an sun bugo fa, suna Wunti, sun kusa isowa." Na ce masa ya tare su a ofis, ya ba su ruwa, ya ba su labarin duk da ya sani har da wanda bai sani ba. Ka san Kawu, a wannan fannin ba a kai shi.

Ban san abin da ka rubuta ba, Yaya, ba ka bar shi ko'ina ba. Sai na tuna ƙananan suwic na cikin sabon zaure, waɗanda ka gama da su tun da farko. Na kwashi kwamfuta da kebul na durƙusa gabansu ɗaya bayan ɗaya. Su kam ka yi musu sebin, Allah Ya saka maka. A jikinsu na ga lambar rukunin da ka ware wa zauren, da irin adireshin da ka raba wa kwamfutoci. Na koma gaban babban na shiga buɗe ƙofofi, ina gaya masa wace waya ce ke ɗauke da wane rukuni, ina nuna masa hanyar zuwa babbar kwamfuta. Don gaggawa, kalmar da na rubuta sau dubu sai ga ni ina kuskuren harafi. Mayafina ya jiƙe sharkaf da gumi.

Ina jin takun takalmansu a baranda fitilu suka fara komawa kore. Jami'ar da ke gaba ta zauna a kujerar ƙarshe ta can lungu, ta danna, tambayoyin gwaji suka fito. Ta tashi ta gwada wata, ta sake gwada wata. Ta ce ba laifi. Sunan cibiyarka na nan bana, Yaya, zaure biyu.

Da yamma na biya wurin Anti Ruƙayya in kai mata albishir. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ɗaga hannu sama. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ni dama ban ji tsoro ba, Bilki. Aikin Abban Sadiƙ ne, hannunsa na nan a wurin. In na wuce ta Gwallaga na hango ginin nan, ji nake kamar yana ciki bai tashi ba."

Ta yaya zan ce mata hannun naka ya goge da safiyar nan, tsakanin cire batir da ɗaura wani? Cewa abin da ke gudana a cikin akwatin yanzu nawa ne, kwaikwayon naka, kuma ko ni ban san inda na saɓa maka ba? Na ce mata haka ne, Anti. Na sha ruwan da ta ba ni na fito, sai a cikin keke kukan ya zo.

Ban iya gaya mata a fuska ba, kuma ba na son in ci gaba da amsa mata da haka ne. Na san tana karanta duk abin da na rubuta a shafina nan na intanet, ko ba ta ce komai ba. Gara ta ji a nan, ina gaya maka, kamar dai muna zaune mu uku a tsakar gida.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya karɓi la'asar ɗin da ka fara ba ka ƙarasa ba, Ya cika maka ladanta. Ya haskaka kabarinka, Ya raya Sadiƙ da Ummi a kan abin da kake so, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsu idan ta kai wannan layin. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Taka ƙanwar,
Bilkisu