Su Nawa Ne a Garke?

Gure, daren Laraba

Yau na saka dabbar da na ƙirƙiro a zauren masu zane na intanet. Jikinta na barewa, kunnuwa kamar ganyen dabino, tana jin motsin ruwa a ƙarƙashin yashi, masu lambu na bin ta su haƙa rijiya.

Na nuna wa Inna a salula. Ta ce, "Akuyar wa ce ta lalace haka?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

A zauren mutum guda ne ya tanka, daga wata ƙasa mai nisa: "Su nawa ne a garke?"

Na buɗe littafin zanena. Wata uku ina zana ta, ashe ban taɓa zana biyu tare ba.

Na rubuta masa, "Ita kaɗai ce." Kafin saƙon ya tafi, rezon salula ya ɗauke.