Geza Har Ƙasa

Asabar, 1 ga Rabi'u Lahir, 1345

Yau Gajere ya zo rumfata. Shekara guda da wata biyu bai tako ta ba, sai ga shi da dokin ƙarfen da kumandan ya ba shi, wanda 'yan bariki suke ce wa belo, mu kuwa keke. Ya rasa inda zai jingine shi duk faɗin kasuwar Tanut sai jikin turken da a da nake ɗaure takarkarina Goshi. Turken Goshi!

"Yaya Yahuza, jaka nake so ta bayan sirdi, mai ciki sosai."

Wai Yaya. Ko nauyi bakinsa bai yi ba.

Bari in rubuta don kada zuciyata ta yi sanyi, ko da yake ba abin mantawa ba ne. Mutumin nan a gidanmu ya tashi. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya koya mana dukanci tare, tabarma ɗaya, basilla ɗaya. Ya yar da fata ya tafi bariki ya zama planto mai kai takardu. Bara da aka ce a tara dabbobin da za su kai kayan bariki Agadas, aka tambaye shi wa ke da takarkari mai ƙarfi a garin nan, ya buɗe baki ya ce Goshi na Yahuza. Suka tafi da shi, bai dawo ba. Attahir mai raƙuma ya gan shi kwance a bakin hanya, bayansa duk miki, an kwashe kayan an bar shi da sauran rai. Tun daga ranar a kaina nake ɗaukar kaya zuwa kasuwa, ni da nake ɗinka wa jakunan mutane mangala.

Na ce wa Gajere ya dawo jibi.

Lahadi, 2 ga wata

Matata Raliya ta ce in kore shi, mata ba su san komai ba. Kora ai alheri ce a gare shi.

Litinin, 3 ga wata

Ya dawo. Na baje masa duk abin da nake da shi, na zauna ina kallon butulu yana zaɓe. Ya ɗaga burgamin akuya ya ce ya yi ƙanƙanta. Ya ɗaga gafaka ya ce ta malamai ce, littafi ɗaya ya cika ta. Ya zura hannu cikin mangalar jaki har kafaɗa, ya ce cikin ya yi, amma shi ba ɗan garuwa ba ne da zai shiga bariki da ita. Har shinshina fata yake yi kamar yadda Baba ya koya mana, wai don ya ji ko jima ta kama.

Ya lissafa mini abin da zai riƙa zubawa. Kullum da safe daga Zangon Jika, inda yake zaune, zuwa bariki, da yamma ya koma. Takardun biro, wato ofishin kumandan, goran fura, rigar canji, ƙarfen hura ƙafar keken, ran kasuwa kuma geron gida. Yana son aljihu biyu, dama da hagu, kowanne ya ci tiya biyar, da marfi mai rufe baki saboda takarda. Sannan ya kawo babbar magana: geza. Ya ga jakunkunan raƙuman gumiye masu tsaron bariki, geza ja da kore tana lilo har gwiwar raƙumi, shi ma ba zai kasa su ba.

Ya tsallaka gaida mai goro, ni kuma na tsuguna ina aunawa da tsirin fata. Na ɗaga ƙafar baya na juya ta don in ga inda jaka za ta tsaya. Bakin tsirin ya faɗa cikin tsinkayen ƙarfen nan na tsakiyar ƙafa, suka fizge shi daga hannuna suka nannaɗe, ƙafar ta tsaya cak. Na daɗe ina kallo. Sai gangaren fako ya faɗo mini a rai, wanda ke saukowa bariki, inda ake cewa Gajere yana ɗage ƙafafunsa keken na gudu da shi. A gindin gangaren ba komai sai duwatsu.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na warware tsirin kafin ya dawo.

Na ce, "Geza har ƙasa?" Ya ce, "Har ƙasa, Yaya." Na ce to, da bakinka ka faɗa.

Laraba, 5 ga wata

Na sayo jar fata wajen majema, wadda ta fi kowace kyau. Ba zan bari a ce aikin Yahuza ne ya lalace ba. Jakar za ta fito lafiya daga cikin duwatsun, ko da mai ita bai fito ba.

Alhamis, 6 ga wata

Ɗaukar gero daga gona. Dami goma sha ɗaya a kaina, wuyana kamar an sa masa gungume. Goshi sahu uku yake yi ya gama wannan. Kowane dami na sauke sai na ambaci sunan Gajere, kuma ba da alheri ba.

Asabar, 8 ga wata

Na gama aljihu ɗaya. Ɗinki biyu-biyu, gindi mai faɗi don ya zauna. Na cika shi da jiƙaƙƙen rairayi na rataye ya buɗe ciki.

Da wuƙar Baba nake yanka, shi ya sa yau ya yi ta faɗo mini a rai. Dokokinsa biyu ne, kuma da dorina ya koya mana su. Ta farko, baduku ba ya sallamar kayan dabba sai ya ɗaura da hannunsa ya ja ta taku arba'in, ya ga inda ke guga da inda ke lilo. Ta biyu, ba a taɓa aikin wani baduku yana raye, ba a yanke, ba a kwance, ko da ya yi kuskure, sai a mayar masa ya gyara abinsa. Na tuna ranar da Gajere ya datse maɗaurin wata jaka ta Idrisa badukun Tarka don ya ga ya yi tsawo. Baba ya zane shi, ya sa ya tafi Tarka a ƙasa ya ba da haƙuri. Kwana huɗu kafin ya dawo, ƙafa a kumbure. Ni na dafa masa ruwan gashi, ni wawa.

Baba bai ce komai ba game da keke. Keke ba dabba ba ne.

Talata, 11 ga wata

Geza. Ban yanka ta daga fatar akuya ba, wannan tsinkewa za ta yi. Daga kirgin sa na fitar da ita, siri-siri, na shafe ta da man shanu har ta yi laushi, na rina rabi da karan dafi. Na ɗaura guda a turke na ja da ƙarfina duka, tafin hannuna ne ya tsage.

Raliya ta kawo mini ruwa ta tsaya tana kallo. "Malam, wannan geza ta ado ce ko ta ɗaure raƙumi?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Juma'a, 14 ga wata

Liman ya yi wa'azi a kan yafiya. Shi ba a taɓa kashe masa sa ba.

Lahadi, 16 ga wata

Ya zo ya karɓa. Mutane suka taru, don gaskiya jakar ta yi kyau, ban taɓa yin kamarta ba. Aka aro gero wajen mai awo aka zuba, ta ci tiya goma, marfi ya rufe ba gardama. Gajere sai washe baki yake yi. "Hannun Baba ne wannan, wallahi." Da na samu dama da na tsinka masa mari a kan wannan maganar.

Na ɗaura da kaina a bayan sirdi, na ja maɗauri tam. Geza ta zubo dama da hagu tana shafar ƙasa. Na miƙe na karkaɗe hannu.

Bai tafi ba. Ya dubi gezar, ya dubi ƙafar keken, ya dube ni. Dariyar ta ɗauke.

"Ba za a ja ba, Yaya?"

Na ce keke ba dabba ba ne.

Ya ce, "To." Ya tura abinsa ya fita daga kasuwa a ƙasa. Ban kawo komai a raina ba, wurin rairayi ne, kullum tura shi yake yi a nan.

Litinin, 17 ga wata

Tun safe kunnena na hanyar bariki. Duk wanda ya shigo kasuwa da sauri sai gabana ya faɗi. Ba labari.

Talata, 18 ga wata

Ba labari. Na soke yatsana da basilla sau biyu.

Laraba, 19 ga wata

Attahir mai raƙuma ya zo gyaran akala yana dariya har da riƙe ciki. Wai planto ya zama baran kekensa. Tun ran Lahadi bai hau ba, tura shi yake yi daga Zangon Jika har bariki, ya turo shi ya koma, jaka cike, geza na jan ƙasa. Sai hantsi ya dubi ludayi yake isa biro. Jiya sarjan ya tsayar da shi a rana har azahar.

Ashe ya gani. Tun a gabana ya gani. Ɗan Baba ne shi ma, idonsa bai mutu ba.

To ya yanke mana! Wuƙa ta ƙare a ƙasar nan tamu ta Damargu ne? Ko ya kwance jakar ya rataya a kafaɗa. Attahir ya ce shi ma haka ya gaya masa, sai Gajere ya amsa, "Yayana ya ɗaura da hannunsa, kuma yana raye. Shi zai kwance."

Munafuki. Ya tuna dokar Baba a kan tsirin fata, bai tuna ta ba ranar da ya ba da takarkarin gidan Baba. So yake in ji kunya. Ba zan ji ba.

Alhamis, 20 ga wata

Ya wuce ta gaban rumfa da la'asar, an aike shi da takarda gidan sarki. Riga jiƙe da gumi, yana ɗingishi, yara da manya na yi masa eho. Gezar ta yi baƙi da ƙasa. Ya rage tafiya ya ce, "Yaya, barka da aiki." Ban ɗaga kai ba.

Na ji daɗi. Ga shi na rubuta, na ji daɗi. Ya ɗanɗana tafiyar ƙasa da kaya, Goshi ma haka ya yi ta har ya faɗi.

Furar yau ba ta yi daɗi ba, na bar ta a ƙwarya. Nonon ne ya yi tsami, ina ji.

Asabar, 22 ga wata

Attahir kuma, mutumin nan bakinsa ba ya gajiya. Kumandan ya ce in Gajere ya sake makara ran Litinin a karɓe keken, a ba wani aikin. Matar Gajeren na da tsohon ciki, kuma ko gona bai yi ba bana saboda bariki.

Ina ruwana. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ni faɗuwa na shirya masa, sau ɗaya, a gama. Wannan abin da yake yi ban san sunansa ba. Kullum garin nan na kallon jakata tana wahalar da mutum, suna cewa aikin wa ye.

Lahadi, 23 ga wata

Na wasa wuƙar Baba. Ta dakushe ne kawai.

Litinin, 24 ga wata

Bayan sallar asuba na ce wa Raliya zan je neman bagaruwar jima. Akwai itatuwanta a kan gangaren fako, kowa ya sani. Wuƙar kuwa dama a aljihuna take kwana.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga shi yana turowa, ya ɗaure ƙafar hagu da tsumma. Da ya gan ni ya tsaya. Na ce ya matsa. Na tsuguna na datse gezar dama da hagu, na bar taƙi ɗaya, yadda ko iska ta kaɗa ta ba za ta kai ga tsinkayen ba. Kirgin ya yi gardama, ni na san yadda na yi shi. Na ce masa doguwar geza ta masu raƙumi ce, ba ta dace da mummuna irinsa ba.

Na kama ƙahon keken na ja, ina ƙirgawa. Taku arba'in. Aljihun hagu yana ɗan guga, na ɗaga maɗaurin huda ɗaya. Na sake ja arba'in, don ƙasar wurin ba daidai take ba.

Ya ce, "Yaya, da na san ba zai dawo ba..." Na ce ya rufe mini baki. Na ce ban yafe ba, kada ya je yana gaya wa mutane na yafe. Ya ce, "Na sani, Yaya." Na ce to hau, ko so kake a ce jakata ce ta kore ka daga aiki?

Ya hau. Na tsaya a kan gangaren har ya wuce duwatsun ya shiga miƙaƙƙiyar hanya. Don in ga yadda jakar ta zauna ne, kuma ta zauna.

Da na dawo Raliya ta dubi guntayen gezar a hannuna, ta ce, "Malam, ina bagaruwar?"

Na ce ba ta nuna ba tukuna.