Makarantar da Ba Ta Neman Jarrabawar Shiga

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Adnan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da Anti Rahma da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a aikinka na Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma zuwa masallaci da kansa, Inna kuwa tana nan da rigimar da ka sani a kan maganin hawan jini, sai an tsaya a kanta take sha.

Yaya, ka san burina na yin digiri na biyu a fannin kasuwanci, ka kuma san yadda jarrabawar shiga ta kayar da ni bara har na daina zancen. To, wata ƙawata ta nuna mini wata makaranta a Legas da ba ta neman wannan jarrabawa daga wanda ya daɗe yana aiki. Abin da suke so shi ne rubutu a kan wata shawara mai wuya da mutum ya taɓa yankewa, da shaidar shugabansa na wurin aiki, sai kuma hira ta bidiyo. Na ɗauka sauƙi ya zo. Amma wallahi tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Jarrabawa aƙalla tana da littafin da za ka buɗe ka karanta. Wannan kuwa ni kaina za su duba, me zan karanta? Na rubuta musu labarin ranar da na mayar da mota guda ta abincin kaji don na ji yana warin ruɓa, alhali masu kiwo sun cika ƙofar shago suna ta yi mini masifa. Na goge, na sake, na goge, har yanzu gani nake ƙaramin abu ne a idon mutanen Legas.

Shaidar ce ta fi tayar mini da hankali. Na shiga wurin Madam Adaku, mai shagon da nake kula da shi, da niyyar roƙonta. Kafin in buɗe baki ta shaida mini cikin murna cewa za ta buɗe sabon reshe a Kwangila, nan Zariya, kuma ni za ta damƙa wa, don babu wanda ta yarda da shi kamata. Duk da haka na daure na faɗa mata abin da ya kawo ni. Daga nan muka yi kwanaki daga gaisuwa sai gaisuwa, ni kuwa ko abinci ba ya shiga. Jiya ta kira ni ta ce ta aika wa makarantar shaidar, ba za ta gaya mini abin da ta rubuta ba, amma gaskiya ta faɗa, ko da gaskiyar za ta raba ta da ni. Ta ce Kwangila za ta jira ni zuwa Kirsimeti, daga nan za ta nemi wani. Na fito ina share hawaye.

Yanzu saura Baba, bai san komai ba. Sau da yawa nakan kai masa shayi da maganar a bakina, in dawo da ita. Hirar ranar Talata ce, kuma ba na so in zauna gaban baƙi ina zayyana musu burina alhali mahaifina bai ji ba. Don Allah ka kira shi kafin ranar, ya fi sauraronka. Idan ya ce a'a, ba zan kunna kwamfutar ba. Amma Yaya, ka yi iya ƙoƙarinka kada ya ce.

Ka gaishe mini da Anti Rahma, da Auwal da ƙaramar Ishatu. Inna tana gaishe ku ƙwarai.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Sumaiya.