Rantsuwa Kan Gonar Kwari

Gangara, 3 ga Mayu 1993

Zuwa ga ƙanena Musbahu, malamin lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun 'yar yaƙi da jahilci ne.

Ba lafiya ce ta sa na rubuto ba. Jatau maƙwabcin gonarmu ya kai mu ƙara fadar sarki. Tun da aka shiga zamanin nan na dimokuraɗiyya kowa ya samu baki, har wanda da can ba ya iya ɗaga ido a fada. Wai kwarin da ke gabashin gonar Baba nasu ne, wai layin gambar da ya raba mu ba a wurinsa na asali yake ba. Kai ma ka san kwarin nan shi ne gonar, tudun ko jaki ba zai ƙosar ba. Da shi nake ciyar da marayu huɗu tun rasuwar ubansu.

Sarki ya yanke cewa Juma'a ta uku daga yau, namiji ɗaya daga gidanmu zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse iyaka tana inda kakanni suka bar ta. In an rantse, magana ta mutu. In ba wanda ya tsaya, a miƙa wa Jatau littafi. Kawu Falalu ya ce ciwon baya ya kwantar da shi. Saura kai. Hadari ya fara haɗowa, wasu har sun binne iri suna jiran ruwa. Ka zo.

Ka huta lafiya. Yayarka, Indo.

Gidan Rumji, 8 ga Mayu

Yaya Indo,

Gaisuwa da girmamawa. Ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya.

Zan zo, amma ba zan dafa littafi ba. Ba yau kika san ni ba. Shekara tara ke nan rabon goshina da ƙasa, kuma ban taɓa ɓoye miki ba, ko da yake kin ce in ɓoye wa gari. Yaya zan yi alwalar ƙarya in tsaya gaban jama'a ina rantsuwa da abin da ban yarda da shi ba?

Kuma ki duba da hankali. Littafi ba ya auna ƙasa. Rantsuwa matsoraci kawai take kamawa, mai taurin zuciya ya dafa ya wuce da gonar mutane, a ce Allah zai kama shi. Mun ga nawa aka kama? In gidan wani ya ƙone bayan shekara biyar a ce rantsuwa ce, in ya yi arziki kowa ya yi shiru. Tsarin mulkin da muka jefa wa ƙuri'a bara ya raba addini da sha'anin hukuma. A kira tsofaffin da suka yi noma a wurin, a tona ƙasa a ga inda tsohuwar saiwar gamba take. Gaskiya tana barin sawu, ba sai an tsorata kowa ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Direban da ya kawo takardarki ya ce ya ga Kawu a kasuwar Gazawa yana jan rago da ƙarfinsa. Wane irin ciwon baya ne wannan?

Ƙanenki, Musbahu.

Gangara, 12 ga Mayu

Musbahu,

Ina gaishe ka, ko da yake takardarka ta ƙona mini rai.

A tona ƙasa! Kai, wannan yaro, boko ya cinye maka kai. To tunda tono kake so, bari in tona maka. Shekarar babban fari, kana makaranta a Maraɗi, uban Jatau ya kwashe iyalinsa suka tsallaka Najeriya neman abinci. Baba ya tumɓuke gambar ya matsar da ita taki goma sha biyu. Kawu ne ya riƙe masa hauya, ni na kai musu ruwa. Da geron kwarin nan aka yi maka guzurin makarantar da kake taƙama da ita. Yanzu ka gane ciwon bayan Kawu?

Shi ba zai dafa ba, yana tsoro. Ni ko an yarda mace ta rantse, wallahi hannuna ba zai kai ba, ina da 'ya'ya, ina tsoron abin da zai biyo su. Amma kai fa? Kai ka ce da bakinka takarda ce da tawada. Ka ce ba wuta, ba hisabi, ba mai kallonka. To me zai same ka? Duk gidanmu kai kaɗai ne za ka dafa ka tashi lafiya lau. Shekara tara ina kare ka, in aka tambaya in ce a ɗaki kake sallarka. Sau ɗaya dai rashin imanin nan naka ya yi wa wani amfani.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka dubi marayun nan.

Yayarka da ta goya ka, Indo.

Gidan Rumji, 16 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki da hannu biyu. Na karanta takardarki a tsakar aji, na kasa ci gaba da darasi.

Gaskiyarki, ba abin da zai same ni. Hannuna ba zai shanye ba, gidana ba zai ƙone ba. Na ma gwada faɗin kalmomin ni kaɗai, suka fito sumul. Abin da ya firgita ni ke nan.

Amma kin ɗauka tsoro ne kaɗai ke hana mutum cin haƙƙin wani. Baba bai taɓa barin salla ba, Allah ya ji ƙansa kamar yadda kuke cewa, bai kuwa hana shi ɗaukar hauya ba. Kawu ya ci tuwon kwarin nan shekara tara hankali kwance, sai da aka kawo littafi bayansa ya tashi. Ba zaluncin kuke gudu ba, kamun kuke gudu. Ku in kun yi, kuna da tuba, kuna da istigfari. Ni ba ni da wanda zai wanke ni. Abin da na yi wa Jatau yana nan yadda na yi shi har in mutu, kuma shi ma 'ya'ya gare shi masu baki da ciki.

Ban ce ba ni da rabo a laifin ba. Da geron sata na yi karatu, na ji, ya kuma zauna mini a maƙogwaro. Ki bar ni in je wurin Jatau kafin Juma'a, mu faɗa masa gaskiya, mu roƙe shi aron rabin kwarin ko na damina biyu. Ki turo mini yara biyu su zauna a wurina. Amma in na tsaya a fada aka tambaye ni, abin da kika faɗa mini shi zan faɗa.

Ki yafe mini in za ki iya. Musbahu.

Gangara, 22 ga Mayu

Musbahu,

Gaisuwa. Ni na aika a ce maka kada ka zo, na gode da ka ji.

Jiya aka yi. Sarki ya kira gidanmu sau uku, ba wanda ya tashi. Jatau ya dafa ya rantse, ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Da la'asar aka mayar da gamba wurinta, ina tsaye ina kallo.

Gari ya ɗauka wai tsoron littafi ne ya hana ka zuwa. Liman har ya yi misali da kai, ya ce ku dubi ɗan boko ma ya san girman Alƙur'ani. Mata suna ta yi mini barka, wai ƙanena ya shiryu. Ban gyara musu ba.

An yi ruwa da asuba. Jatau yana shuka a kwari, ni da yara muna kan tudu. Yarana ba inda za su. Kada ka zo Babbar Salla, ban shirya ganin fuskarka ba.

Indo.