Turmina Ya Shiga Faifan Bashir

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Baba? Mu nan Doha sai godiya.

Albishirinki! Faifan ƙaninmu Bashir ya fito. Sarewar nan da ya daɗe yana busawa a otal, yau ita ce gaban makaɗan jaz, har da masu ganga 'yan Kuba. Akwai kiɗan da ya gina a kan luguden marigayiya Inna, amma masu gangar suka kasa kama shi. Sai ya zo har unguwarmu da ake kira Matar Ƙadim ya kwashe ni da turmina da maƙwabciyata 'yar Kumasi, ya kai mu ɗakin ɗaukar sauti. Muna lugude, ina cafe taɓarya, yana bin mu da sarewa. Da aka kunna mana, wallahi kaina ya fi turmin girma.

Na turo miki ta waya. Ki kunna wa Baba, amma kada ki ce na wane ne, tunda har yau cewa yake gidansa ba na maroƙa ba ne. Ki bari ya fara gane hannun Inna tukuna.

Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza