Na Taɓa Ƙanena da Ƙotar Fartanya

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ina roƙo ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk abin da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Daudawa. Ƙanena Sale, wanda yake bi na, lafiyarsa ƙalau har ya yi aure ya haifi yara biyu. Ranar da 'yan bindiga suka shigo kora shanu, ya tsaya a bakin turke, ɗaya daga cikinsu ya buga masa gindin bindiga a ƙeya. Raunin ya warke, amma bayan wasu watanni ya fara faɗuwa. Sai ya yi ƙara, ya sandare, idanunsa su juye, jikinsa ya kama jijjiga, kumfa da jini suna fita ta baki. Na kai shi asibiti a Funtuwa, likita ya ce farfaɗiya ce, dukan kan ne ya jawo ta. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce kada a tsallake ko rana ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai kusa da wuta ko ruwa. Ya ce in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa komai a baki. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon nan, ka riƙe shi ba tsoro." Na ce to. Amma a garinmu tun muna yara ake ce mana wanda kumfar mai farfaɗiya ta taɓa, shi ma ya kamu. Bakina ne ya ce to, zuciyata ba ta ce ba.

Da yana shan magani ya samu sauƙi. Sai hanya ta lalace, ana tare motoci, maganin ya ƙare, na yi ta cewa gobe. Faɗuwar da take zuwa jefi-jefi ta koma kusan kullum, wani lokaci kafin ya farfaɗo daga ɗaya wata ta kama shi. Innarmu ta ce wannan ba na asibiti ba ne, iska ce. Aka kawo wani mai magani, ya sa muka ɗaure Sale da igiyar shanu, ya turara masa barkono, ya dinga zabga masa tsumagiya yana cewa aljanin ya faɗi sunansa. Sale yana cewa, "Yaya, ni ne fa, ba kowa a jikina, ni ake duka." Ni na riƙe igiyar. Ana cikin haka ta tashi masa, mutumin ya tura masa cokali a baki har haƙori ya karye. Kowa ya ja da baya saboda kumfar, sai matarsa Hinde ce ta kutsa, ta ɗora kansa a cinyarta tana goge masa baki da gefen zanenta. Tun daga ranar matan gidan suka ware mata kwano da moɗa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ranin da ya wuce ina ban ruwan albasa a fadama, na rasa mai riƙe min tiyo. Da hantsi na dawo gida, na leƙa ta katanga, na ga Sale zaune shi kaɗai, Hinde ta shiga maƙwabta kai niƙa. Na ce ya zo ya taya ni, yanzu za mu dawo. Ya yi murna, ya ce, "Ashe dai ana tunawa da ni." Muka bi ta bayan gari, ba wanda ya gan mu. Yana tsaye a bakin kwatar da ruwa ke bi sai na ji ƙarar nan. Ya faɗi ruf da ciki a cikin ruwan. Ruwan bai fi idon sawu ba. Na rugo, na ga kumfa tana yawo a kan ruwan wajen kansa, sai ƙafafuna suka tsaya. Na kira sunansa. Na ɗauki fartanya na sa ƙotar ina ƙoƙarin juya shi daga nesa, jikinsa yana fizgewa, ƙotar tana zamewa. Na ce a raina bari ta lafa, ai kullum tana lafawa. Ta lafa. Da na kama rigarsa na jawo shi, bakinsa da hancinsa cike suke da laka. Wane irin wa ne yake taɓa ƙanensa da ice? Hannun da ya riƙe igiya aka doke shi, me ya hana shi ɗaga masa kai daga ruwa?

Da mutane suka taru, na ce zuwa na yi na tarar da shi haka. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ya fito, laifin ya koma kan Hinde. Kafin a ɗauki gawa, autanmu Sada, wanda yake cikin 'yan sa-kai, ya shiga ɗakinta ya mare ta har ta bugu da bango, ya bi ta da ƙafa, sai da maza suka janye shi. Inna ta ce, "Ke aka ba amana, kika tahi yawon gidaje. Kin gaji da jinya, kin huta." Jini yana zuba daga leɓen Hinde. Ina tsaye a tsakar gidan.

Takabarta ta kusa ƙarewa. Inna ta rantse Hinde za ta koma gidansu a Damari ita kaɗai, yaran ba za su bi wadda ta kashe ubansu ba. Shekaranjiya na kai wa Hinde hatsi, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, kai ne babba, ka sa baki a bar min ko ƙaramar. Na san na yi sakaci. Kullum ina tambayar kaina mi ya kai shi fadama, mutumin da ko rijiya ba ya zuwa sai ya faɗa min." Na ce ta yi haƙuri, na fito.

In na faɗi gaskiya, Inna tana da hawan jini, ban san ko za ta ɗauka ba, Sada kuma da bindiga yake kwana, na ga abin da ya yi wa mace a kan zato kawai. In na yi shiru, za a raba uwa da 'ya'yanta, ta tafi tana ganin ita ta kashe mijinta, alhali ita kaɗai ce a gidanmu ba ta taɓa gudun bakinsa ba. Na yi istigfari, amma na san haƙƙin Hinde ba ya faɗuwa da istigfari. Shin in fara zuwa wajen liman ya tara su, ko ita zan fara faɗa wa? Da wane baki zan ce mata ni na kira shi ta katanga?

Jama'a, kwanakinta a gidan nan sun kusa cika. Me zan yi?